Ku Bar Ni da Akwalar Mahaifina

Yau ban zo da tarihin sarauta ko asalin wata kalma ba. Amsa na kawo wa masu magana a kaina, kuma a fili zan ba da ita, domin na gaji da jin zancen ta bayan katanga.

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a gidanmu da ke unguwar Zango a Damagaram, wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya shigo cikin masu gaisuwa. Ya ɗaga hannu aka shafa fatiha da shi, amma duk zaman da ya yi idonsa na kan tsohuwar Land Rover da ke kwance a gindin dogon yaro a ƙofar gida. Kafin ya sa takalmi ya ja ni gefe, ya ce in muna so a raba mu da wannan tarkace zai turo yara su daddatse ta, a ɗora a sikeli, ya biya mu kilo-kilo. Har ya ƙara da cewa jikinta alminiyam ne, maƙeran tukwane za su yi rububinsa. Ban yi masa faɗa ba, sana'arsa ce. Na dai ce masa ba ta sayarwa ba ce.

Wata goma sha huɗu ke nan, duk Asabar da Lahadi ina ƙarƙashin motar nan da sifana a hannu. A cikin waɗannan watanni maganganu uku suka yi ta dawo mini. Wasu sun ce almubazzaranci nake yi. Wasu sun ce na kasa yin tawakkali. Wasu kuma sun ce ƙarfen Nasara bai kai abin da ɗan Musulmi zai riƙe don tunawa da uba ba. Cikin masu faɗin haka akwai baffannina da abokan Baba, mutanen da nake durƙusa wa in gaishe su. Girmansu yana nan, amma bai hana a ba su amsa ba, balle na san ba ni kaɗai ake yi wa wannan gori ba. Akwai mai riƙe da keken ɗinkin uwarsa, akwai mai kiwon tsohon dokin ubansa, duk bakinsu a rufe.

Bari in fara gabatar da wadda ake ƙara a kanta. Ƙirar 1976 ce, samfurin da ake kira Series III, mai dogon jiki, inji silinda huɗu mai shan fetur, taya ta biyar a ɗaure kan murfin inji. Ban da sandar giya, tana da wasu sanduna biyu a ƙasa, ɗaya mai rawayan kai, ɗaya mai jan kai. In ka danna mai rawayan, ƙafafu huɗu su kama ja gaba ɗaya, abin da muke kira kat-kat. In rairayi ya yi tsanani sai ka jawo mai jan kan baya, motar ta rage gudu ta ƙara ƙarfi, ta dinga takawa kamar raƙumi da kayan gishiri. In batir ya mutu a daji, akwai ƙarfen da ake zura mata ta gaba a juya da hannu har ta tashi.

Baba ya saye ta hannu na biyu a 1981. Shekara talatin ya yi yana bin hanyar Damagaram zuwa Tanut, Adarbisanat har Agadas, kusan kilomita 450, yana kuma ratsawa ƙauyukan Damargu da har yau kwalta ba ta san da su ba. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a shekarar, hatsi ta yi ta ja zuwa arewa. Ta kai masu naƙuda asibiti cikin dare, ta ɗauko amare, ta ɗauko gawa. A 2011 injinta ya buga, gwiwoyin Baba su ma suka gaza. Kaji suka mayar da kujerar baya akurki. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa buzunsa a inuwarta, yana cewa in an samu sarari za a tashe ta. Ajali ya riga sararin zuwa.

Maganar dukiya ita ce mai nauyi cikin ukun, kuma akwai gaskiya a cikinta da ba zan tsallake ba. Abin da mamaci ya bari na magada ne gaba ɗayansu, wanda ya fi son abin bai fi kowa iko da shi ba. Duk wanda ya zauna kan mota ko gida ko gona da sunan tunawa da uba, alhali ƙannensa mata da matan uban suna jiran rabonsu, cin haƙƙi yake yi, kuma ba shi nake karewa a nan ba. Mu mun kira kanikawa biyu da malamin da ya raba mana gado, aka yi wa motar kuɗi sama da abin da mai sikeli ya taya, na biya kowa kasonsa, har da tumunin Inna. Daga ranar ta zama tawa kamar rigar da ke wuyana. Da a ce akwai marayun da ke kwana da yunwa a gidan, da ni zan fara aikawa a kira mai sikeli.

To, tunda haƙƙin kowa ya fita, ina almubazzarancin yake? Abin da na kashe a wata goma sha huɗu bai kai kuɗin wayoyin hannu biyu irin na aljihun masu yi mini nasiha ba, kuma ban ji an taɓa tara dangi a kan wanda ya sake waya sau biyu a shekara ba. Ku bi sawun kuɗin ku ga inda suka shiga: aljihun wani tsohon bakanike da aiki ya daina zuwa masa, da mai walda, da mai ɗinkin kujeru, da ɗan kasuwar da ya tono mini kafireta da lagireto a Ƙofar Ruwa ta Kano, da wani yaro ɗan maƙwabta da ya shigo kallo, yanzu ya iya kwance filogi ya wanke ya mayar. In an gama kuma, mota ce za ta fito wadda ke shiga inda ƙananan motocin yayi ke tsayawa su yi ta haƙa rami da taya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gaggawar da muke yi. Muna raba kayan mamaci kamar masu kashe gobara. Ƙasar kabari ba ta bushe ba an kira dillalai. Littattafan malami su tafi a buhu, sirdin mahayi ya tafi kasuwar Dole, kayan aikin maƙeri su hau sikeli. Shari'a ta ce a ba kowa haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, wannan gaskiya ne. Amma ba ta hana a tsaya a tambayi magada ko akwai mai son ya fanshi abin ya biya sauran ba. Mu ne muka mayar da kuɗi hannu su zama hanya ɗaya tak ta adalci, saboda sun fi sauƙin ƙirgawa.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi yi mini ciwo: wai na kasa yin tawakkali. Ina so mu dubi abin da al'adarmu ta tanadar wa namiji in ya yi rashi. Kwana uku a kan tabarma a ƙofar gida, jama'a na shigowa suna cewa sai haƙuri, yana amsawa da haƙuri sai ma'aiki. Rana ta huɗu a naɗe tabarma, ya koma kasuwa ko ofis. In aka ga idonsa ya kawo ruwa bayan haka sai a ce, haba, kai fa namiji ne. Matar mamaci tana da takaba, wata huɗu da kwana goma, mata na kewaye da ita, ana taya ta hira, ana taya ta kuka. Ɗa namiji ba shi da ɗakin da zai shiga. Ciwon kuwa ba ya bin umarnin naɗe tabarma. Yana nan, sai dai ya sauya kama. Mun san mutanen da bayan rasuwar uba suka zama masu faɗa da iyali ba dalili. Mun san waɗanda hawan jini ya kama, da samarin da suka koma zama a fada har asuba, shayi na bin shayi, wasu har da ƙwaya. Waɗannan ba a ce musu sun kasa tawakkali ba, saboda ba a ganin abin da ke cin su. Ni da aka gani da baƙin mai a hannu, ni ne marar haƙuri.

Za a ce mini addini ya iyakance makoki da kwana uku ga wanda ba matar mamaci ba. Na sani, kuma na bi. Ban bar wanka ba, ban bar aiki ba, ban bar jam'i ba, ban yaga riga ba, ban ɗora hannu a ka na yi kururuwa ba, ban ce don me Allah ya ɗauke shi ba. Waɗannan su ne abubuwan da aka hana. Baƙin cikin zuciya kuwa ban san malamin da ya yanka masa wa'adi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, masu tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, shekara guda cur. Annabi Yaƙub ya yi ta baƙin cikin rabuwa da Yusuf har ganinsa ya tafi, kuma shi ne ake buga misali da kyawun haƙurinsa. Wane ne a cikinmu ya fi waɗannan tawakkali?

Ga abin da aikin ya koya mini. Notin da ya shekara goma sha a rufe ba ya kwancewa da ƙarfi. In ka matsa masa sai ya karye a ciki, ka jawo wa kanka aikin mako. Kananzir ake ɗiga masa, a bar shi ya kwana, gobe a ɗan taɓa, a sake ɗigawa. A watannin farko ban iya barci ba, in na kwanta fuskar Baba a gadon asibiti nake gani. Ƙarƙashin mota ne kaɗai wurin da hankalina ke tsayawa kan abu guda, domin in ka bar tunani ya tafi, sifana za ta zame ta fasa maka yatsa. A can na fara ganin wani Baban dabam da na gadon asibiti. Na ga inda ya ɗaure bututun mai da waya a wata tafiya, ɗauri mai kyau irin na mutumin da ba ya son a sake aiki. Na ga inda tafin hannunsa ya cinye sitiyari har ya yi santsi. Na tsinci ƙwayoyin tasbaha uku a ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Wanda bai yi rashi ba zai ce tarkace ne. Ni kuwa da su na samu na dawo da mutumin da ya yi shekara saba'in da ɗoriya a tsaye, wanda jinyar wata biyu ta nemi ta shafe mini.

Akwai kuma abin da ko mai tsananin ra'ayi ba zai musa ba. A wata na biyar, da na kwance kujerar gaba, na samu wani ƙaramin littafi a naɗe cikin leda, rubutun ajami da hannun Baba. Lissafin bashi ne, wanda yake bi da wanda ake bin sa, kusan duka an ja musu layi. Guda ɗaya ne ba a soke ba: kuɗin taya biyu, jika 45, na wani mai shago a Tanut. Kowa ya san bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado, mu kuwa mun raba ba mu sani ba. Na tara ƴan uwana muka haɗa kuɗin, na hau mota zuwa Tanut. Mai shagon ya rasu, ƴaƴansa na samu, su ma ba su san da zancen ba. Da na bar yaran mai sikeli sun daddatse motar ranar arba'in, da littafin ya bi tsummokaran kujera zuwa bola, Baba na kwance da nauyin mutane a kansa. Masu cewa in sayar in yi masa sadaka da kuɗin, wace sadaka ce za ta riga wannan?

Ban da haka, motar ta jawo mini mutanen Baba. Tun da aka ji ana bugun ƙarfe a ƙofar gidanmu, tsohon yaron motarsa, wanda yanzu jikoki gare shi, ya fara zuwa da sandarsa. Tsofaffin direbobin tashar Agadas suka biyo baya. Ina dafa musu shayi, suna gyara mini kuskure, suna ba ni labarin da ban taɓa ji ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya sauka daga jakinsa ya ba shi, ya cire rawaninsa ya ba shi. Da abokan tafiya suka yi mamaki, sai ya ce uban mutumin aminin Umar ne, kuma sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Ni ban san gidajen waɗannan dattawa ba. Akwalar da ake yi mini gori a kanta ita ta kawo su har inda nake.

Magana ta uku ita ce wai ƙarfen Nasara ne. Ban ce akwai albarka a jikin ƙarfe ba, ban shafa shi don neman tabarruki ba. Amma in asalin abu ne ke hana shi zama namu, to mu fara da takobin da muke alfahari da shi, domin da yawa daga cikin tsofaffin takubban Abzin da ƙasar Hausa ruwan ƙarfensu daga Turai aka kawo shi, maƙeranmu suka yi masa ƙota da kube. Ganyen shayin da ba ma iya wuni babu shi daga Sin yake zuwa. Abu yana zama na mutane ne in guminsu ya shiga cikinsa. Land Rover da Land Cruiser da manyan Berliet sun yi wa ƙasar nan abin da ayarin raƙuma ya yi wa kakanninmu, kuma direbobinsu su ne madugan zamaninsu.

Dubi yadda muke da tarihin. A 1973 mota ta buge itaciyar Tenere, aka ɗauko gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. An kyauta. Amma mutanen da suka yi rayuwarsu suna ratsa wannan hamada fa? Ayarin motocin Berliet da ya keta Tenere a 1959 da 1960 yana da littattafai da hotuna. Tseren Paris zuwa Dakar da ya fara bi ta Agadas a 1979 yana da finafinai. Duk sunayen baƙi ne a ciki. Direbanmu da ya san hanyar Bilma da tauraro da launin rairayi, bakanikenmu da ke saita kafireta da kunne, su ba wanda ya rubuta su. Tun da tawayen 2007 ya karya harkar yawon buɗe ido a arewa, da yawansu suka jingine motocin, kuma kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu, motocin kuma suna komawa tukwane. A Ingila, inda aka fara ƙera Land Rover a 1948 aka kuma daina fitar da mai tsohon fasalin a farkon 2016, mutane farautar irin wannan akwala suke yi, har kamfanin da kansa ya buɗe sashen sabunta tsofaffi. Su tsatsa ke cinye musu shasi saboda damshi da gishirin da suke zubawa a hanya lokacin ƙanƙara. Mu busasshiyar iskarmu ta adana mana namu kyauta, muna sayarwa a kilo.

Ba zan rufe ba sai na faɗi inda masu sukata suka kusa yin daidai, ko da yake ba su ne suka gano shi ba. Mutum yana iya ɓuya a ƙarƙashin mota. Na yi hakan. Inna tana cikin takaba, tana jin bugun guduma daga ɗaki, ni kuwa sai in shiga in gaishe ta a tsaye in fito. Wata rana ta aiko a kira ni. Ba ta faɗin sunana, domin ni ne ɗan fari. Ta ce, “Kai wannan, motar ta samu mai jinya. Ni da na yi shekara arba'in da bakwai da shi, wa ke jinyata?” Ban samu abin cewa ba. Tun daga ranar, ba na taɓa sifana sai na zauna da ita mun karya, kuma in magariba ta yi aiki ya tashi. Duk mai shirin bin hanyata ya riƙe wannan: rayayyun da mamaci ya bari suna gaba da kayan da ya bari. Wannan gyara na karɓa hannu biyu, domin daga wadda ta fi ni rashi ya fito. A wata na goma sha ɗaya, ranar da injin ya tashi, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye rariya ta saurara, ta ce haka take jin sa tun daga kan kwana in ya dawo daga Tanut. Ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa, mu ma muka kashe motar.

Roƙona ga malamanmu shi ne, in kun ce wa mutum ya yi haƙuri, ku dawo bayan wata biyu ku tambaye shi yadda yake kwana. Ga dangi, kafin ku kira dillali ku tambayi magada ko akwai mai fansa, kuma ku bincika aljihu da akwati da ƙarƙashin kujera. Ga samari masu waya a hannu, tsofaffin direbobi suna nan a tashoshin Damagaram da Tawa da Maraɗi da Agadas, ku je ku ɗauki muryarsu tun suna iya magana. Wanda kuma ya ga maƙwabcinsa yana lallaɓa wani tsohon abu bayan rashi, in ba zai riƙe masa fitila ba, ya wuce da bakinsa.

Motar ba ta gama ba. Saura birki da wayoyin lantarki. In Allah ya kai mu kaka, niyyata in loda mata gero in kai ƙauyukan da Baba ya saba bi, sadaka a madadinsa, Inna a gidan gaba in ta yarda. Mai sikeli ya sake zuwa watan jiya. Na tara masa duk abin da muka cire wanda ba ya gyaruwa, ya auna ya biya, muka yi musabaha, kuɗin kuma suna wurin mai kawo kayan birki.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya haskaka makwancinsu, ya sauke musu nauyin da muka sani da wanda ba mu sani ba. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.